Rabin Dutsen Tekla

Ni na fara ganinsu. Duk wanda ya gaya maka shi ne, ƙarya ya yi maka, ko da Feliks maƙeri ne, wanda ya shiga kabari yana wannan iƙirari. Feliks yana durƙushe gindin zuga-zugi, me zai hango daga can in ban da hayaƙinsa? Ni kuwa, Hipolit mai jinka, rabin rayuwata a saman ɗakunan mutane na yi ta. Ran nan ina kan ɗakin wata gwauruwa a bakin rafi, ina toshe inda wuta ta lasa, don sojojin Rasha da za su gudu sai da suka cinna wa duk abin da zai ci, har hatsin da ke tsaye a gona. Na ɗaga kai in share gumi, sai ga ƙura ta turnuƙe daga kudu.

Na yi kira, gari ya fito. Da aka gane mutanen Sarkin Ostiriya ne, sai murna ta kaure. Wai addininmu ɗaya da su, cocinmu ɗaya, ba kamar Rashawa ba. Mata suka ruga suka ɗauko burodi da gishiri a kan farin ƙyalle, yadda ake tarbar baƙon kirki. Ni ina sama ina kallon abin da na ƙasa ba sa gani. Bayan dawakai da igwa akwai kekunan doki, abin da ke kansu kuwa sikeli ne, manya da ƙanana, an ɗaure su da igiya. Na ce da mata su mayar da burodin nan gida, za su neme shi. Suka ce rana ta taɓa kan Hipolit. Ban taɓa zama a aji ba, in an ce in sa hannu gicciye nake zanawa, amma na san mutumin da ya zo yaƙi da sikeli ba wucewa zai yi ba.

Haka kuwa aka yi. Suka ajiye wani janar a Lublin suka ce shi ne gwamna. Suka buɗe ofishin jandarma, 'yan sandan soja, a garin da muke cin kasuwa, tafiyar rabin wuni daga garinmu Lipowa in kana da kaya. Suka auna hatsi tun yana zangarniya. Suka ƙirga shanu, suka ƙirga kaji, kaza in ta yi fashin ƙwai sai ka je ka yi bayani. Tukwanen tagulla suka tafi, ulun tumaki ya tafi. Ƙararrawar cocinmu suka sauke suka kai a narke a yi harsashi, mu da addininmu ɗaya. Injin niƙa na bakin rafi suka ɗaure ƙofarsa da waya suka manna hatimin darma. Daga nan aka yi shela cewa dutsen niƙa na cikin gida haramun ne, domin abin da mace ta niƙa a ɗakinta ba ya hawa sikeli.

Wanda aka ba wa aikin duwatsun nan shi ne Saje Ebner. Gajere ne, takalmansa kullum suna ƙyalli ko a cikin taɓo, kuma yana tafiya kansa a karkace gefe ɗaya kamar kaza mai kallon shaho. Mu Mai Kunne muke ce masa. Da sassafe zai shigo gari, ya cire wuƙar bakin bindigarsa ya soka a ƙasa, ya durƙusa ya ɗora kunne a kan ƙotar. In ana niƙa a unguwar, ko a cikin rijiya ne, ƙasa za ta gaya masa. Ba ya ihu, ba ya zagi. Ya koyi harshenmu yana karya shi, ya koyi gaisuwarmu, ranar Lahadi yana layin gaba a coci. Abin da yake alfahari da shi shi ne bai taɓa ɗaga hannu ya mari kowa ba. Guduma ma ba ya riƙewa. Maigida yake miƙa wa, ya fasa dutsen matarsa da hannunsa.

Namu dutsen na Tekla ne, matata. Da shi ta shigo gidana ranar aure, ita ma daga kakarta ya gangaro. Baƙi ne, mai faɗi, na saman kaɗai sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. Tekla doguwa ce, mai ƙarfin hannu, tana waƙa in tana niƙa, har dokar nan ta raba ta da waƙar. Mun daɗe ba haihuwa, har mutane sun daina tambaya. Sai a cikin wannan masifa Allah ya ba ta ciki. Uwarta, Inna Petronela, tana zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, tsohuwa 'yar firit wadda in ta ce a'a ko Fada, limamin cocinmu, ba ya sake magana.

Na haƙa ramin da za a ɓoye dutsen a riƙa niƙa a ƙarƙashin garken saniyarmu, na yi masa jinka ta ciki, bango da rufi, irin ɗaurin da babu mai iya shi a ƙasar nan sai ni. A sama saniya tana tattaki tana tuƙa. Hunturu biyu Mai Kunne yana soka wuƙarsa a ƙofar gidana yana tashi da kunya. Har gaishe shi nake yi daga kan rufi, in tambaye shi yau me ƙasa ta ce.

A bazarar shekarar ƙarshe suka zo suka tafi da saniyar. Lokacin yunwa ta kai inda mutane ke dafa ganyen bakin hanya, dankali ya ƙare, sabon hatsi da saura. Garke ya yi tsit. Na ce da Tekla a dakata da niƙa. Ta dakata, har ran da ta ga uwarta tana tauna ɗanyen sha'ir da dasashi. Ranar Lahadi ce. Ta ce Allah zai yafe mata aikin Lahadi, kuma Mai Kunne ba ya fashin coci. To, ranar ya yi fashi.

Ina wanke fuska a tsakar gida sai na ga wuƙa tsaye a ƙasa, a bakin garke. Sojoji biyu suka ciro duwatsun. Na ƙasa suka mirgina cikin kududdufi, na sama suka ajiye a gabana. Mutane suna dawowa daga coci, suka tsaya a bakin shinge, har da Fada. Aka miƙo mini guduma. Wasu mazan sai sun yi ta bugu suna kuka kafin dutse ya tsage. Ni sau ɗaya na sauke ta, ya rabe gida biyu, don kada in ba shi daɗin kallo.

Mai Kunne ya ce doka ta ce a kai shaida ofis, rabi ya isa. Na sunkuya zan ɗauka, ya ce a'a, ni hannuwana za a ɗaure, wanda aka kama yana niƙa shi ke ɗaukar shaida. Inna Petronela ta matso ta nuna masa cikin, wanda ko makaho zai gani. Ya ce ba shi ya rubuta dokar ba. Tekla ta kwance babban mayafinta na ulu, ta naɗe rabin dutsen a ciki, ta goya shi kamar ɗa, ta ɗaure a ƙirji. Ba ta dube shi ba.

Ƙanƙara ta narke a lokacin, hanya ta zama kunu. Ina gaba a ɗaure, igiyata a sirdin dokinsa, ita tana baya, ba a bar ni in waiwaya ba sai in ji. Ina jin yadda take zaro ƙafa daga taɓo, ina jin numfashinta. Ta faɗi a gadar katako, ta tashi. Ta faɗi a gindin gicciyen mararraba, ta tashi. In ta faɗi sai ya tsayar da doki ya jira, ba ya ce mata komai, mutumin kirki. Ta kai dutsen har farfajiyar ofis, ta sauke shi a gindin bango, sannan ta zauna a kansa. Da na waiwaya na ga siket ɗinta ya jiƙe, ba da ruwan hanya ba.

Wani mai keken doki ya mayar da ita gida. Ni aka jefa ni ɗakin ƙasa. Washegari da yamma Mai Kunne ya sauko da kansa, hularsa a hannu, ya ce matata ta rasu, ita da abin da ke cikinta, namiji ne, yana yi mini ta'aziyya. Na kama ƙarfen ƙofa na girgiza har ƙasa ta zubo daga rufi. Ya ja da baya kaɗan.

"Hannuna bai taɓa ta ba," in ji shi. "Kowa shaida ne."

Da suka sake ni, ciyawa ta riga ta fito a kan kabarin. Na durƙusa na gaya wa Tekla cewa dutsenta zai dawo mata cikakke, kuma a bayan wanda ya raba ta da shi zai zo. Ɗaya rabin na ɗauko daga tsakar gida na jingine shi a gindin murhu, inda zan riƙa ganinsa ina cin abinci.

Faɗuwarsu ma ni na fara gani. Da kaka ta ƙare, ina kan rufin wani rumbu kusa da tashar jirgin ƙasa ta garin kasuwa, na ga sojoji suna cizge tambarin hulunansu suna jefarwa a kwata. Na sauko na ce da mutane sarkinsu ya ƙare, aka sake cewa rana ta taɓa ni, alhali ko rana babu. Kafin mako ya zagayo samarinmu sun shiga ofis sun kwashe bindigogi, masu sikeli suna rataye a jikin jirgi kamar jemagu. Na bi tarago ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa. Babu Mai Kunne. Aka ce zazzaɓin nan da ya kashe mutane a shekarar ya kwantar da shi, 'yan'uwansa suka tafi suka bar shi, da ya ji ana nemansa ya fita ta taga. Feliks ya samu bindiga a rabon, ya yi ta yawo da ita yana rantsuwa shi zai harbe shi, don shi ma an sa shi ya fasa na uwarsa. Muka bincike rumbuna, muka bincike daji. Ƙanƙara ta sauka ta rufe sawu. Abinci ya daina yi mini daɗi. Kowa yana murnar ƙasa ta dawo hannunmu, ni ina ganin mutumin ya kai gida yana shan miya a gaban matarsa.

Ranar jajiberin Kirsimeti na hau rufina in kakkaɓe ƙanƙara kafin ta karya mini itace. Gidana ne na ƙarshe, daga shi sai daji. Rana tana shirin faɗuwa, sai na hango wani abu ya fito daga cikin itatuwa, a naɗe da buhu, ƙafafu a ɗaure da tsumma. Gemu ya cinye fuskar. Amma kan a karkace yake gefe ɗaya.

Ban san yadda na sauko ba. Na zari gatari a bakin ƙofa, sai ga Inna Petronela tsaye a gabana, hannunta duk gari. Na gaya mata wanda ke zuwa. Na zaci za ta ba ni hanya, sai ta ce in ajiye gatarin.

"Inna, shi ne fa. Mai Kunne."

"Na ji ka, ba kurma ba ce ni. Yau wace rana?"

Na ce ranar da Allah ya kawo mini shi har gida. Ta ce a daren nan ko kerkeci ne ya ƙwanƙwasa sai an buɗe masa, haka ta taras, haka za ta bari. Wanda ya shigo baƙon Allah ne, za a ba shi abinci, a karya waina da shi, da safe a sa masa burodi a aljihu ya kama hanya. Ka san farar wainar nan siririya da ake karɓowa daga coci, wadda kowa ke karya ta ɗan'uwansa kafin a ci abinci. Wanda ka karya da shi, ka yafe masa ke nan, babu komawa. Na ce ashe 'yarki ba ta da daraja a wurinki. Ta ɗaga hannu ta wanke ni da mari, ni da babu namijin da ya taɓa gwadawa. Ta ce ita ta haife ta, ita ta wanke gawarta, kada in sake koya mata zafin Tekla. Amma ba za ta bari a zubar da jini a kan teburin da aka shimfiɗa wa Jariri Yesu ciyawa ba.

Na ajiye gatarin. Ba tsoronta na ji ba, girmamawa ce.

Tebur a shirye yake. Ciyawa a ƙarƙashin farin ƙyalle, miyar gwoza ja, kabeji da naman kaza irin mai tsiro a daji, da dafaffiyar alkama guda-guda da ɗan zuma. Burodin kuwa na sha'ir ne da aka daka a turmi, mai ƙaiƙayi, tunda babu dutse a gidan. Kwano uku, cokali uku, mu biyu. Na ukun kowa ya san na waye. A bakin mutane na matafiyi ne, amma gidan da aka yi rashi a shekarar, na wanda ya tafi ne, don a daren nan suna dawowa su zauna da nasu. Inna ta sa kwanon Tekla mai zanen shuɗi a gurbinta na gefen murhu, ta ninke mayafin ulun nan ta ɗora a kan benci don ta ji taushi. Shi ya sa ba mai zama a daren sai ya sunkuya ya hura wurin da bakinsa, a hankali, ya ba su lokaci su matsa. Yaron da bai iya magana ba ma ya san wannan.

Tauraron farko ya fito, aka ƙwanƙwasa. Inna ta buɗe. Ya yi gaisuwarmu ta sunan Yesu da karyayyen harshensa, ya ce shi matafiyi ne, ya san a ƙasar nan akwai gurbin baƙo yau. Ka ji wayo. Shekara uku yana cikinmu, ya koyi abin da zai amfane shi. Ya dube ni, ya dubi Inna, na jira in ga ya razana. Ko gezau. Bai gane mu ba. Gidajen da ya shiga sun yi masa yawa, mu ɗaya ne daga ciki. Wannan ya fi marin Inna zafi.

Inna ta ce ya shigo, ta juya za ta jawo masa kututturen da muke ajiye wa baƙo a bakin ƙofa. Shi kuwa idonsa ya riga ya faɗa kan kwanon da ba kowa a gabansa, ga murhu kusa. Ya wuce ta, ya tafi kai tsaye, ya saki jikinsa gaba ɗaya a kan mayafin, jif, har benci ya yi ƙara. Bai hura ba. Ya ja kwanon shuɗin gabansa, ya ɗauki cokalin.

Inna tana riƙe da farantin waina. Ta daɗe tana kallon bencin, ba shi take kallo ba, ƙarƙashinsa take kallo.

"Ka zauna a kanta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Sau biyu ke nan kana ɗora mata nauyi."

Ya ce a kan wa? Ya waiga yana neman abin da ya yi, sai idonsa ya sauka a gindin murhu, inda rabin dutsen ke jingine kusa da gwiwarsa. Na ga lokacin da ya tuna. Cokalin ya faɗi. Ya yunƙura zai tashi, Inna ta ce ya zauna, ba a tashi daga teburin nan sai an gama, wanda ya riga kowa tashi ba ya ganin wata shekarar.

Ta karya farar waina da ni, ta sumbaci goshina. Ta karya wani ɓallin ta ajiye a bakin kwanon Tekla, bayan ta janye shi daga gabansa. Ya miƙo hannu yana jiran nasa, don ya san abin da wainar take nufi. Akwai wata mai launin ja-ja da ake haɗowa da ita, ta dabbobi, wadda ake kai wa garke bayan an ci abinci. Mu ba mu da sauran dabba. Ita Inna ta ɗauka ta ajiye a gabansa a kan tebur, ba ta karya ba, ba ta sa masa a hannu ba.

"Ta saniyarmu ce," ta ce. "Kai ka tafi da ita, sai ka ci rabonta."

Aka ba shi abinci a wani kwano, ya ci, yunwa ba ta bar shi ya ƙi ba. Yana ci yana magana, wai umarni ne daga Lublin, wai yana da 'ya'ya mata biyu, wai shi bai taɓa dukan kowa ba. Da aka gama Inna ta ce masa shi baƙo ne har gari ya waye, ya kwanta a gindin murhu, babu hannun da zai taɓa shi a gidan nan, kuma ta yi masa alkawari ko a waje babu. Ta zare mayafin daga ƙarƙashinsa ta miƙo mini. Ni dama abin da na shirya ke nan tun farko, ita dai ta riga ni faɗa.

Da safe na shimfiɗa mayafin a ƙasa, na mirgina rabin dutsen a kai. Kafin nan labari ya zaga, gari ya cika ƙofar gidana, masu dawowa daga coci da kayan sallarsu. Feliks yana gaba da bindiga, yana cewa in matsa, shi ya fara rantsuwa. Na ce Feliks, kai da ka harbi kare ka samu ƙofar rumbunka, ka riƙe abinka a nan, in baƙona ya ƙi abin da zan roƙe shi, na bar maka shi. Na juya ga Mai Kunne na ce ga hanya biyu, ko dutse ko maƙeri. Ya dubi Feliks, ya durƙusa ya goya. Matar Feliks ce ta nuna masa yadda ake ɗaurin a ƙirji, daga nesa, da baki.

Fada ya ratso mutane ya ce Hipolit, yau ranar haihuwar Mai Ceto ce, ba a aiki, ba a ɗaukar kaya. Inna ta ce ranar da Tekla ta ɗauka ma Lahadi ce, Fada, kana tsaye a bakin shingen nan, ba mu ji wannan wa'azin ba. Fada ya juya, ya koma.

Muka kama hanya. Yana gaba, ina bayansa, hannuwana a aljihu don kowa ya gani. A bayana matan da aka fasa wa duwatsu, tsofaffi da matasa, sun ƙi komawa gida. Wata ta ce Saje, sa kunne mana, me dutsen yake ce maka? Wata ta ce a hankali dai, kada takalman su ɓaci. Suka ɗauki waƙar niƙa, wadda aka shekara uku ba a ji ba, suna yi masa a kan takunsa. Ya faɗi a gadar katako. Na tsaya na jira, ban ce masa komai ba. Ya tashi.

Rana ta yi tsaka muka isa ofis. Tagogi a farfashe, iska tana wasa da takardunsu a farfajiya. Ɗaya rabin yana nan gindin bango inda ta sauke shi, ƙanƙara ta rufe. Na share da hannun rigata. Ya sauke nasa kusa da shi, ya zube a ƙasa yana haki, ya ce ya kawo, ya biya.

"Ka kawo shaida," na ce. "Yanzu sai a mayar wa mai abu abinta. Duka biyun."

Ya yi kuka a nan, da hawaye, ya kira ni ranka ya daɗe, ni mai jinka. Feliks ya ɗaga kunamar bindiga, ƙarar ta ishe shi. Aka haɗa biyun a mayafi. Sai da ya dafa bango kafin ya miƙe.

Komawar ba waƙa. Wasu matan suka sulale. A gicciyen mararraba ya faɗi ya daɗe, har Feliks da kansa ya ce Hipolit, ya isa haka, bari in gama masa. Na ce ba a gama wa Tekla ba. Daga gada zuwa maƙabarta da rarrafe ya yi, tsumman ƙafarsa sun kwance, yana barin ja a kan fari. Inna tana tsaye a bakin kabarin tun safe, ba ta bi mu ba. Ya iso gabanta, ya kwanta a gefe, ɗaurin ya saki. Ni na ɗauki rabi na ɗora a kan kabarin, na ɗauki ɗayan na kara. Suka haɗu kamar ba a taɓa raba su ba, sai layin tsagar. Na ce Tekla, ga shi.

Inna ta ciro burodi daga ƙirjinta ta ajiye a ƙanƙara kusa da hannunsa, don ta ce baƙo zai tafi da burodi, ita kuwa ba ta magana biyu. Ya tambaye ni ko yanzu zan kashe shi. Na ce ni? Tashar jirgi tana can, ka san hanya, yau ka bi ta sau biyu. Muka juya muka bar shi. Da na waiwaya daga ƙofar maƙabarta, ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi hanya, rana tana faɗuwa, sanyi yana saukowa irin wanda ke fasa itace.

Wasu sun ce ya kai tasha. Wasu sun ce da ƙanƙara ta narke an tsinci wani a ƙarƙashin gadar katako da burodi a aljihu. Ban je na duba ba. 'Yan sandan sabuwar gwamnati sun zo sun yi tambaya, na ce musu hannuna bai taɓa shi ba, kowa shaida ne. Gari duka ya ce haka ne.

Na binne Inna, na binne Feliks, na ga wasu masu sikelin sun zo bayan waɗannan, su ma na ga bayansu. Yaran yanzu in na ba da labarin sai su riƙa taɓa juna, wai tsoho yana ƙari, wai mai ciki ba za ta kai rabin dutse garin kasuwa ba, wai mai zazzaɓi ba zai dawo da biyu ba. To, maƙabartar Lipowa ba a kulle take ba. Ka shiga, ka bi hagu, kabarin da ba shi da gicciyen ƙarfe sai baƙin dutse mai tsaga a tsakiya. Mayafin yana cikin akwatina, zan ara maka. Rabi ɗaya kawai za ka goya, kai da ka ƙoshi, ka kai shi gadar katako ka dawo. In ka iso ƙofata a tsaye, ka kira ni maƙaryaci a gaban kowa, ni zan riƙe maka hula. Amma kafin ka sa hannu a kan dutsen nan, ka sunkuya ka hura. Ina kan rufi, ina ganinka.